Kaka Yana Yi wa Mota Fifita

"Lafiya lau na kwana, ganin ki ne dai ya ɓata min safiya," in ji Kaka. "Wa ma ya aiko ki?"

"Kai mana, tsoho. Wa ya yi ta kirana jiya yana marairaicewa kamar an ƙwace masa goro?"

"Kuskuren lamba ne. Bakanike na nema, aka turo min Gajera."

Gajera jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, wadda ta kafe sai da ta koyi kanikanci. Ta dire jakar sifanu a gindin rumfar kwanon da motar Kaka ke kwana. Tsohuwar mota ce, kwanan nan injinta ya kama kas-kas-kas kamar keken ɗinki. Uban Gajera ya gaji, ya ce injin ya gama yayi, yau da la'asar zai zo da mai sayen tsofaffin motoci. Kaka kuwa da tuƙi ya tsufa, ya san ba komai ba ne illa tafet, tazarar bawul ce ta buɗe. Da can da kansa yake saitawa. Yanzu hannu na rawa, ido ba ya ganin lambar geji, ga gwiwoyi sun ƙi. In motar nan ta bar gidan, shi da fita sai ranar da wani ya ga damar kai shi. Tsoro yake ji sosai, amma ba Gajera zai gaya wa ba.

Ta ɗaga bonet, ta kai hannu kan murfin inji, ta fizge da sauri tana yarfe yatsu.

"Wayyo! Tsoho, tayar da ita ka yi?"

"Ɗumama ta na yi. Wane direban kirki ne zai wayi gari bai ɗumama mota ba?"

"Ba da bakinka ka koya min cewa wannan injin ba a saita shi da zafi ba? Ƙarfe ya kumbura, me zan auna?"

Tun kafin a haifi ubanta Kaka yake tayar da mota da sassafe, yau ma ƙafarsa ce ta kai shi, bai ko yi tunani ba. Ya dubi rana, ya tuna mai saye na nan tafe da la'asar. Sai ya dogara sanda ya shiga ɗaki, ya fito da mafici, ya ja kujera gaban motar ya kama fifita.

Gajera ta riƙe ciki don dariya. "Ni da na yi zazzaɓi ko leƙe ba ka yi ba, ga gwangwani ana yi masa fifita!"

"Gwangwanin nan ya fi ki kunya. Bai taɓa yi min rashin kunya a gaban mutane ba."

"Sai dai ya mutu maka a tsakiyar titi."

"Hutawa yake yi. Ke da ba a hango ki in kin shiga bayan sitiyari, me kika sani? Matashin kai nawa kike tarawa a kujera kafin ki ga hanya?"

"Ni dai haƙorana suna bakina, ba a kofi suke kwana ba."

"Haƙoran da kika cinye min naman miya da su tun kina rarrafe!"

Haka suka yi ta yi, shi yana fifita, ita tana taɓa injin da bayan hannu, har rana ta karkata ƙarfe ya huce. Ta kwance murfin, ta sa babbar sifana ta juya injin da hannu har bawul na farko ya rufe. Ta buɗe gejin, siraran ƙarafa kamar reza, kowanne da kaurinsa, ta zaɓi ɗaya ta zura a tazarar. Ya shige sakwaf.

"Ka gani? Baki a buɗe kamar naka in kana gyangyaɗi."

Kaka ya matso, hannunsa ya miƙa da kansa wajen sukundireba, ya ga yadda yake karkarwa, ya mayar da shi aljihu. Gajera ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta sassauta noti, ta murza sukurun kaɗan, sannan ta tsuke fuska.

"Ka ƙona min yatsu, ba na jin komai. Ungo, kai za ka ja gejin, ni in murza."

Ƙarya take yi, ya kuma san ƙarya ce. Ya karɓi gejin ya zura, ya lumshe ido yana ja a hankali. Rawar hannu ba ta hana shi jin inda ƙarfe ya fara kamawa ba.

"Ƙara kaɗan. Kai, kin matse! Bawul ne, ba wuyan saurayi ba. Sassauta. Yawwa, nan. Riƙe sukurun ki ɗaure noti, kar ya motsa."

"Ashe da sauranka."

"Ni da na saita mota a kan gada, tana tafiya, ana ruwa?"

"Bara cewa ka yi a cikin kogi."

"Gadar ce ta karye daga baya."

Suka bi bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana juya inji yana ja. Ta mayar da murfi, ta goge baƙin mai, ta miƙa masa makulli. Ya murza, motar ta tashi, ya kasa kunne. Babu kas-kas ko ɗaya, sai wani gurnani mai laushi da rabon da ya ji shi har ya manta.

Suna cikin saurare aka ji babur a ƙofar gida. Uban Gajera ne ya shigo da mai saye a bayansa. Ya gai da mahaifinsa daga bakin ƙofa, yana kauce wa idonsa.

"To Baba, a tayar masa ya ji da kunnensa, kar a ce mun ɓoye aibi."

"A tashe take," in ji Gajera.

Uban ya matso, ya sunkuya kan injin, ya daɗe yana saurare. Ya ɗago ya dubi 'yarsa da baƙin mai har goshi, ya dubi mahaifinsa a bayan sitiyari. Ya sosa ƙeya, ya juya wajen mai saye ya ce ya yi haƙuri, an fasa.

Kaka ya goge ido da hannun riga. "Hayaƙi ne," ya ce, ko da yake ba wanda ya tambaye shi.

"Motar ba ta hayaƙi, tsoho."

Dariya ta ƙwace masa. Ya kamo hannunta mai baƙin mai ya riƙe da nasa biyu, bai damu da farar rigarsa ba.

"Na sallama, kin ci. Allah ya yi miki albarka, Gajera, kin mayar min da ƙafafuna. Zagayo ki shiga gaba mu zaga gari, duk abin da idonki ya faɗa a kai ni zan saya."

Ta buɗe ƙofa ta zauna tana murmushi. Ya sa giya, ya dube ta ta gefen ido.

"Amma in mun zo wajen abokaina ki sunkuya, kar a ce da ke nake yawo."