Ranar da Na Kawo wa Garinmu Jirgin Feshi

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini, amma ba zan taɓa mantawa da daminar da na mallaki babbar waya ba. A Maradi na saye ta, wani abokina ya sa mini manhajar da ke nuna jiragen sama a kan taswira, kowane jirgi da ɗan hotonsa yana tafiya. Daga ranar na ɗauki kaina ma'aikacin filin jirgi (ni da ko cikin jirgi ban taɓa leƙawa ba).

A shekarar, hatsi ya yi kyau a ƙauyenmu na wajen Urafane, sai tsuntsayen jan-baki suka sauka a kansa. Kowa ya koma gona, ana kaɗa gwangwani ana ihu daga safe har faɗuwar rana. Kawuna Idi, wanda ya riƙe ni tun ina yaro, muryarsa har ta dishe. Ga jita-jita ta cika gari, wai za a aiko ƙaramin jirgin feshi.

Ina bayan ɗan kabu-kabu daga Tasawa, muna fama da rairayi, na buɗe wayata. Sai ga wani ɗan abu shuɗi mai tsinin baki a kan taswira, ya miƙa sak wajen garinmu. Nan take na kira Kawu na ce jirgi na tafe, ina ganin sa da idona. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce masa tauraron ɗan'adam ba ya ƙarya. Na lura jirgin ba ya sauri, amma na ce a raina gonaki yake dubawa. Da muka tsaya shan ruwa ya tsaya, wannan ma na samo masa dalili.

Kafin in iso, maigari ya sa an yi shela. An rufe rijiyoyi da tabarmi, Fulanin da ke gefen gari sun kora shanunsu nesa, an kira kowa ya baro gona kada magani ya zuba masa. Kawu ya shimfiɗa farin rawaninsa na zuwa Sallar Idi a bakin gona, wai don matuƙi ya gane tasa.

Na sauka a ƙofar maigari kamar wani gwamna. Aka kewaye ni, na ɗaga waya na ce ga shi nan daidai kanmu. Dattawa suka ɗaga kai sama. Babu komai sai shirwa guda. Na ce ya yi nisa ne, a ƙara haƙuri. Muka yi ta haƙuri har wuya ya ƙage, su kuwa jan-baki sun sami gona ba mai tsawa, suna ta biki.

Zuwaira, taubashiyata, wadda ba ta taɓa raga mini ba tun muna yara, ta ce in ba ta ta gani. Ta juya gabas da wayar, jirgi ya juya gabas. Ta juya yamma, ya bi ta. Ta taka har bakin rijiya ta dawo tana danne dariya.

"Kawu, ku bar wahal da wuyanku. Jirgin ga dai, shi na ga tsaye gabanku da hula. Bisa kabu-kabu ya zo."

Ashe alamar da ke nuna inda mai waya yake ce na bi tun daga Tasawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya naɗe rawaninsa, ya ɗauki gwangwaninsa ya miƙo mini wani. A gefen gonar da tsuntsaye suka fi ci ya tsayar da ni, na yi ta ihu har aka yi girbi.

Sunan Jirgi kuwa ya bi ni. Kawu ma da shi yake kirana, in na je gaishe shi sai ya ce, "Jirgi, an sauka lahiya?" Yau ba ya duniya, kuma babu abin da nake kewa kamar wannan tambayar.

Har yanzu manhajar tana wayata, nakan kalli jiragen mutane suna wucewa. Sai dai kafin in gaya wa kowa inda wani abu yake, nakan fara duba inda ni kaina nake tsaye.