Rasuwar Bidiyon Harisu Mahauci a Hannun Ƙadangare

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai huce ba, Harisu mahauci na layin bayan masallaci, Agege, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta cewa bidiyonsa, wato na'urar kallon kaset, ya rasu ranar Lahadi bayan la'asar. Fim ɗin yara ne ya kashe shi. Kada wani ya ɗora wa masu ɗauke wuta. Wannan karon babu hannunsu.

Marigayin ya shigo gidan tun zamanin soja. Na hannu ne, daga kasuwar Jankara ta Legas aka ɗauko shi a motar haya ta danfo, a kan cinya. Mai ladabi ne. Ka miƙa masa kaset, ya ce "ƙurrr, kyat", hoto ya fito. Amma babban aikinsa a duniya shaida ne. Akwai kaset ɗaya tak na damben da Harisu ya yi da Hamani Bazabarme lokacin ƙuruciya, wanda wani mai ɗaukar biki ya ɗauka. A turmi na biyu Harisu ya kai shi ƙasa. Hamani, da yanzu yake sayar da albasa a kasuwar Mile 12, duk inda ya zauna cewa yake santsi ne ya ja shi. In gardama ta yi zafi sai a kwaso jama'a zuwa ɗaki, marigayi ya nuna, a maido baya, ya sake nunawa, Hamani ya tuna bai yi salla ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga makaranta. Nazifa da Mastura, 'ya'yan Harisu, suka dawo da haukar wani ƙadangaren katun na talabijin mai hular kwano. Yana jikin jaka, yana cikin cingam, yana kan silifas, har kofin shan koko bai bari ba. Sai aka ce an yi masa dogon fim. Uwarsu Saratu ta karɓo hayar kaset ɗin.

Harisu ya zauna ya kalla har ƙarshe, don kada a ce ya yanke hukunci bai gani ba. Ga hukuncin: wannan ba fim ba ne, talla ce aka ja ta kamar hanji. Ƙadangare ya yi ihu, wuta ta haska, a shigo da wani sabon abokinsa wanda gobe za ka tarar a kanti ana jiran aljihunka. Faɗan ma na ƙarya. A maka mutum da dutse ya miƙe yana dariya! Baki na motsi daban, magana na fita daban. 'Yan dako biyu da suka leƙo ta taga ko rabi ba su kai ba suka koma inuwa.

Saratu ta ce, "Ni dai ya zaunar min da su, na tuƙa tuwona lafiya."

Nazifa ta ce, "Baba, ai ba don ku aka yi shi ba."

Harisu ya ce, "To a cikin bidiyon wa aka sa shi?"

Kaset ɗin kwafin kwafi ne, duk ya yi fumfuna. Yaran kuwa wajen waƙar kawai suke so, su maido, su maido, su sake maidowa. Hoto ya fara yayyafi, muryar marigayi ta koma "gwarrr". Kowa a layin ya san kaset mai kyau shi ke wanke kan bidiyo, don haka Harisu ya ɗauko mafi daraja a gidan, wato na damben, ya ba shi. Marigayi ya haɗiye, ya ce "ƙwas", bai ƙara cewa komai ba. Da Audu mai gyara ya zo ya buɗe cikinsa, ya tarar ya tauna zaren kaset ɗin. Kaset ɗin kuwa kullum a bakin turmi na biyu ake ajiye shi. Audu ya yanke abin da ya lalace, ya liƙe sauran.

Marigayi ya bar talabijin ɗaya, yanzu gwauruwa, da rimot ɗaure da roba. Kaset ɗin ƙadangare yana nan lafiya, ko ƙwarzane babu.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zuwa shagon Audu, inda za a raba sassan jikinsa ga mabukata. Babu zaman makoki. Mai zuwa ta'aziyya ya duba ƙafar ɗansa tukuna; in akwai ƙadangare, su tsaya a waje.

Hamani ya riga kowa zuwa, da abokansa na kasuwa. Ya roƙa a sa liƙaƙƙen kaset a bidiyon maƙwabci, don tunawa da marigayi. Aka ga maza biyu suna zagaya juna, hoto ya yi tsalle daidai inda Audu ya liƙe, sai ga Hamani tsaye yana karkaɗe wando. Ya juyo ya dafa kafaɗar Harisu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, mahauci. Ashe ko santsin ma ban yi ba."