Agogo Biyu a Dakalin Alwala

A duk faɗin unguwar Takur ta Dutse babu hannun hagun da ya kai na Alhaji Sharhabilu daraja. Na dama ma yana da nasa amfanin, da shi ake cin tuwo a kuma sa hannu a takardun ofis. Amma na hagu shi ne ya je Dubai ya dawo da agogo. Sauran jikin Alhaji rakiya kawai ya yi masa.

Alhaji mataimakin darakta ne a wata ma'aikata da ke sakatariyar Dutse. Mu ƙananan ma'aikata a bayan idonsa Ƙarfe-Nawa muke ce masa, don babu tambayar da yake ƙauna kamarta. In ka yi masa ita sai ya tsaya cak, ya yarfa hannun babbar riga bisa kafaɗa, ya ɗaga tsintsiyar hannu daidai inda rana za ta haska, ya bar ka ka ƙoshi da kallo. Sannan ya zaro waya daga aljihu ya faɗa maka lokaci. Idanunsa sun daɗe da daina ganin ƙananan abubuwa, shi kuma ya ce tabarau na tsofaffi ne.

Agogon kuwa, tubarkalla. Ɗan Suwizalan ne, farin ƙarfe, baƙar fuska, da zobe mai lambobi kewaye da ita. Alhaji ya haddace tarihinsa fiye da yadda ya haddace sunayen jikokinsa.

"Wannan ba ya cin batir," in ji shi. "Motsin jikin mai shi yake ci. In ka ɗaura wa malalaci, tsayawa zai yi. Shi ya sa ba kowa ake sayar wa ba, kun gane ko? Don masu nutso a teku aka ƙera shi, mita ɗari uku ƙarƙashin ruwa."

Ruwa mafi zurfi da Alhaji ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka. Duk da haka in zai yi alwala sai ya cire agogon ya ajiye a kan dakali, wai ruwan bohol ɗin ma'aikata bai san darajarsa ba.

Kada a ɗauka daga nesa nake kallon wannan abu ina dariya. Ni ne Yahuza, akawun ofishinsa, kuma ni ne shugaban 'yan amshi. Karin hulata nasa ne. Ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana na ɗauke shi kaf, har "kun gane ko" ɗin na kai gida, sai da matata Ikilima ta ce in na sake yi mata za ta daina ganewa gaba ɗaya. Abu ɗaya ya rage mini in zama Alhaji, shi ne agogo.

Ana nan sai Allah ya jarrabi Alhaji. Wasu fatake suka shigo da agogo kwali-kwali, kamarsu ɗaya sak da nasa, kuɗin kowanne bai fi na kaza biyu ba. Kafin wata biyu mai shayin bakin sakatariya ya ɗaura, masu Keke Napep sun ɗaura, Bernard na sashen albashi ya ɗaura, har mai tsire yana juya tsinke da agogon masu nutso a teku. Tambayar "ƙarfe nawa" ta mutu a ma'aikata. Alhaji ya yarfa riga, ya sake yarfawa, babu wanda ya waiwayo. Ƙarshen cin fuska shi ne ranar da mai zuba mai a wani gidan mai ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Yallaɓai, ashe kai ma ka samu? A nawa suka bar maka naka?"

An ce ranar bai ci abincin rana ba.

Amma babban mutum ba ya rasa abin tinƙaho. Tunda agogon ya zama na kowa, sai Alhaji ya koma taƙama da ido. Ya shelanta cewa a duk Jigawa shi kaɗai ne yake bambance na gaske da jabu, ko da an ɗaure masa fuska. Kullum bayan azahar sai ya kafa kotu a gindin darbejiyar masallaci. A miƙo agogo, ya jinjina shi a tafin hannu, ya taɓe baki, ya yanke hukunci. Bai taɓa yin kuskure ba, tunda duk agogon da ba a hannunsa yake ba jabu ne. Wannan idon shi ne abin da ya rage masa, kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Ni nawa a kasuwar Jahun na saya, ranar da na je gaida Inna. A unguwa nakan naɗe hannun riga don a gani, a ofis kuma in sauke shi har kan yatsu.

Wata Laraba na riga kowa zuwa famfo. Na cire nawa na ajiye a dakali, na tsuguna. Ban ankara ba sai ga Alhaji a famfon kusa da ni, shi ma ya ajiye nasa. Ina cikin wanke ƙafa Bernard ya zo wucewa zai tafi cin abinci. Ya tsaya, ya ɗauki agogon biyu, ya haɗa su, ya jujjuya, ya mayar ya ajiye yadda ya ga dama.

"Oga, yau dai za mu ga aikin ido," in ji shi. "Ga su nan biyu. Wanne ne naka?"

Nan da nan masu jiran sallah suka kewaye mu. Alhaji ya yi ɗan tarinsa. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya ɗauki ɗayan. Ya shinshina su. Ya kara kowanne a kunne, ya daɗe yana saurare, sai fuskarsa ta washe.

"Ku ji bugun zuciya! Ƙas, ƙas, ƙas, kamar tafiyar soja. Wannan shi ne ɗan asali. Wancan kuwa ko numfashin kirki ba ya yi. Gwangwanin madara aka narka. Na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe," na ce.

Aka kwashe da dariya. Ni na fi kowa ɗaga murya wajen cewa Allah ya ƙara wa idon nan lafiya. Na ɗauki gwangwanina na cusa a aljihu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma gida na jefa shi a durowa, na yi fushi da shi kwana huɗu. Ranar Litinin na ɗauko, na tarar ya tsaya. Na zagi fataken Jahun, na kai shi wurin Malam Muntaka mai gyaran agogo a kasuwa, na ce ya sa masa batir. Tsohon ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɗan girgiza agogon, sai ga shi ya tashi. Ya kwance bayansa da wani ƙarfe, ya leƙa, ya sake leƙawa har na fara tsarguwa.

"Malam Yahuza, wannan babu wurin batir a cikinsa," ya ce a hankali. "Shekarata talatin a kan teburin nan, sau biyu na taɓa riƙe irinsa. In tsinta ka yi, ka yi cigiya. In kuma ba tsinta ba ce, ka ji tsoron Allah."

Wato agogon Alhaji ne a hannuna, shi kuma yana can yana yarfa riga da ɗan Jahun.

Da ni mutumin kirki ne, daga nan ofishinsa zan wuce. Sai da na yi kwana tara ina ɗaure da shi. Na ce bari in ɗanɗana ko sau ɗaya yadda manya suke ji. Na naɗe hannun riga har gwiwar hannu, na zaga Takur a kan babur ina jira duniya ta canza. Mai shayi ya duba ya ce nawa ya fara dusashewa, nasa ya fi ƙyalli. Ikilima ta ce in cire kafin in ɗauki 'yarmu Nuriyya, kada ƙarfen banza ya karce mata yarinya. Bernard kuwa ya ce tunda Oga da kansa ya yanke hukunci, nawa ko a cikin jabu ma ƙarami ne. A hannun Alhaji kuma ɗan Jahun yana ta shan gaisuwa, har yana ba da labarin cewa kwanan nan agogon ya saba da iskar Jigawa.

Rana ta goma na shiga ofishinsa na rufe ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ina jin an samu kuskure ranar Larabar nan."

"Kuskuren wa?"

Na naɗe hannun riga. Na ga ya saci kallon wuyan hannuna. Ya gane sarai. Amma in ya karɓa, ya yarda ke nan idon ya ci amanarsa a gaban jama'a, kuma ba shi da wani abin bayan idon.

"Yahuza, idona bai taɓa kuskure ba. Ɗauki gwangwaninka ka ba ni wuri."

Har na kai bakin ƙofa idonsa yana kan hannuna. Wallahi ranar tausayinsa ya kama ni, na kuma tsani kaina.

Batirin 'yan Jahun ne ya raba gardama. Wata safiya an fito daga mitin, ana tsaitsaye a baranda, Bernard ya leƙa hannun Alhaji.

"Oga, agogonka ya tsaya fa. Tun ɗazu ƙarfe tara yake cewa."

"Zaman mitin ne ya yi masa yawa," in ji Alhaji. "Motsi yake so, kun gane ko?"

Ya girgiza hannu. Ya sake girgizawa. Ya shiga kaɗa shi kamar mai fifita wuta, hula ta karkace, gumi ya keto. Ya yi tattaki zuwa ƙarshen baranda ya dawo yana lilo da hannu. Bernard ya sake leƙawa ya ce har yanzu tara ce. Mutane suka fara kallon juna, wani ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Alhaji ya saki hannun riga ya rufe agogon, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Yahuza, zo mu yi alwala."

"Ranka ya daɗe, yanzu fa sha ɗaya da rabi. Azahar da saura."

"An hana mutum ya zauna da alwala ne? Wuce mu je."

Babu kowa a famfo sai wata akuya. Ya cire nasa ya ajiye a dakali ba tare da ya dube ni ba. Na cire nawa na ajiye kusa da shi. Ya murɗa famfo da ƙarfi, ruwa ya fantsamo, na yi maza na tattara agogon biyu na matsar da su gefe. Muka yi alwalar da ban taɓa yin mai tsawonta ba.

Alhaji ya miƙe, ya share fuska, ya tsaya a kansu. Ya miƙa hannu, ya janye. Ya waiwaya hagu da dama, sannan ya sunkuyo daidai kunnena, da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Yahuza, don girman Allah, wanne ne?"

Na yi ɗan tari, na duƙa, na ƙura musu ido, ni da na yi kwanaki ɗaure da ɗaya na kuma biya kuɗin ɗayan. Wallahi da batirin ɗan Jahun bai mutu ba, da har yanzu muna nan tsugune a gaban dakalin.