Takardun da Na Cusa a Murhu

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar yayata a Shagari ba, ko da kuwa ina so in manta.

Shekarun nan ne da kaya suka yi wuya, har sabulu sai an yi layi. Wata rana wani mai babur ya shigo unguwarmu a Bodinga, ya watsa takardu masu hatimi a zaurukan manoman albasa. Ba sallama, ba mai unguwa tare da shi, mazanmu kuma duk suna fadama. Ni ban yi boko ba, amma magana ba ta wuce kunnena (ciwona ke nan). Na ji matar malamin firamare tana karantawa: ina gonarka take, yaya girmanta. Lokacin kuwa ana ta labarin an karɓe wa wasu mutane gonaki saboda ginin dam, wato madatsar ruwa. Sai na bi gida gida, na tattara takardun a bakin zanina, na cusa a murhu. Har tuwo na tuƙa da su.

A ranin nan taki bai zo unguwarmu ba. Albasa ta fito ƙanana kamar goro. Mazanmu suka tafi ci-rani Kudu, mijin maƙwabciyata Tumba bai dawo da rai ba. Ni ko a mafarki ban haɗa wannan da wancan ba.

To, a wurin bikin na zauna kusa da wata baƙuwa mai tabarau, na kwashe labarin na ba ta, har da tafa hannu.

"Wallahi Hajiya, ni na ceci gonakin unguwarmu!"

Sai ta ce, "Inna, ohishinmu na aikin gona ya aiko da takardun nan. Wanda duk ya cika, shi anka ba takin zamani. A garin Horo Birni ta hannun mai gari munka bi, anka yi shela, kowa ya hito. Ku kam munka ɗauka ba ku so. Amma laihinmu na, da ba mu shigo da sallama ba."

Tumba tana gefena, kwano ɗaya muke ci. Lomar shinkafa na hannuna, na rasa inda zan sa ta.

"Ba komi, Yaya," in ji Tumba. "Ci abincinki."

Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Yanzu ma saƙo yana shigowa wayata, wai in danna in amsa tambayoyi. Gaskiya ba na dannawa. Amma ba na hana kowa. Na gane tsorona bai kamata ya wuce ƙofar ɗakina ba.