Madam Maimaita

Abin da na fara lura da shi a lakwal ɗin Guci, makarantar da na koyar, a shekarun saba'in, shi ne yara ba sa tambaya. Na ji daɗi, don ni ma kunya gare ni. Domin in burge darakta, shugaban makarantar, na rubuta wa 'yan mata ƙa'idar saƙar faifai a allo: "Ja zagaye biyu, fari uku, a maimaita." Na tafi Magariya jinyar inna, ina jin kaina gwana.

Bayan mako uku na dawo na tarar faifan wata ɗaliba, Hadiza, ya fi bakin rijiya faɗi.

"Madam, ba ki rubuta inda za mu tsaya ba," in ji ta.

Darakta ya yi dariya har da hawaye. Har yau Madam Maimaita ake ce mini. Na roƙi Hadiza kada jikokina su ji.