Butar da Aka Sa wa Hula

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi da la'asar a Ingila ba, ranar da na miƙe tsaye gaban Turawa uku ina bayanin abin da ko gaban Mma, mahaifiyata, ban taɓa furtawa ba. Har yanzu in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi. Amma bari in faro daga Nima, unguwarmu a Accra, don a can na ƙulla wa kaina abin.

Ina aji biyu na babbar sakandare makarantarmu ta zaɓe ni in je kwas ɗin Turanci na sati shida a wani ƙaramin gari na bakin teku. Gasar rubutu na ci. (Rubutu kam na iya. Magana ce ta gagare ni. Ni ce yarinyar da trotro, bas ɗin haya, zai wuce da ita har New Town saboda ta kasa ce wa kwandasta ta iso.) Malamar da ta tsaya mini ta kira ni ofis ta ce, "Ke ce ta farko daga makarantar nan. In kin zauna lafiya da mutanen gidan da za a sauke ki, baɗi za su karɓi wata. In kin ɓata, kin rufe wa ƙannenki ƙofa." Na ce to, kaina a ƙasa.

Mma ta yi kwana uku tana haɗa mini kaya. Garin rogo, soyayyen yajin shito kwalba biyu, darduma, rigunan sanyi na gwanjo. Sai ta je Kasuwar Malam Atta ta sayo sabuwar buta ta roba, kore mai ratsin ruwan hoda, irin wadda ake hangowa daga nesa. Akwati ya ƙi rufuwa da ita, sai Mma ta ɗaure ta da igiya a hannun jakata ta rataye.

Na dubi jakar, na hango kaina a filin jirgin Turawa, buta tana lilo tana buga mini cinya, kowa na kallo. Da safen tafiya na kwance ta na cusa bayan duron ruwa. Yayata Rabi ta gan ni. Ta ce da salon 'yan Accra, "Chale, da me za ki kama ruwa a can? Da cokali?" Na roƙe ta kada ta faɗa. Mma ta zaci na samo mata wuri cikin akwati.

Gidan da aka sauke ni na mata da miji ne, yaransu duk sun girma sun tafi. Matar ta ce in kira ta Helen kawai. Ni dai bakina bai iya kiran sa'ar uwata da suna gatsau ba, don haka ta zama Anti Helen, mijin kuma Ankul Kolin. Mutanen kirki ne har abin ya ba ni tsoro. Sun manna mini lokutan salla a bango. Sun yanka takarda kamar kibiya sun liƙa a ƙasa tana nuna alƙibla. Anti Helen ta ce, "Mun yi ta bincike kafin ki zo. In akwai abin da muka manta, ki faɗa mana."

Na ce babu. A lokacin kuwa na riga na leƙa banɗaki. Kafet a ƙasa, takardar gogewa a bango, 'yar tukunyar fure a gefe, shi ke nan.

Kwana biyun farko gorar ruwan da aka ba ni a jirgi ce ta rufa mini asiri. Rana ta uku na dawo daga makaranta ba ta nan. Ashe Anti Helen ba ta iya ganin gora babu komai ciki ta ƙyale, sai ta kai ta wani koren kwando a waje inda ake tara robobi. Na sayi wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Mutum mai hankali zai sauka ƙasa ya ce, Anti, ina bukatar abin zuba ruwa. Ni kuwa na fi awa ɗaya zaune bakin gado ina tsara yadda zan faɗa, daga ƙarshe na kwanta.

Washegari na gan ta. Tsakanin ɗakina da banɗaki akwai wata 'yar taga, a bakinta kuma buta ce zaune. Ta ƙarfe ce mai shuɗin fenti, da murfinta da hannunta, fentin ya ɗan ɓare a daidai bakin, baƙin ƙarfen ya leƙo kamar giɓin haƙori. Kusan irin ta Hajiya kakata ta Mamobi, wadda ba mai taɓawa sai ita. Na tsaya na yi nazari irin na masu kaifin basira. Tsohuwa ce. Ga ta taku uku daga banɗaki. Ba a kicin take ba. Mutanen nan kuma sun ce sun yi bincike. Sai na ji ƙwalla ta taho mini. Wato har buta sun tanadar mini, kuma don kada su ba ni kunya ba su ce komai ba, ajiyewa kawai suka yi inda zan gani.

Daga ranar muka shaƙu. Alwala da ita, kama ruwa da ita. In na gama sai in ɗauraye ta, in goge, in mayar da ita bakin taga hannunta na kallon dama yadda na same ta, don a san ni 'yar gidan tarbiyya ce. Mma ta kira ni a waya ta ce, "Butar dai tana yi miki amfani?" Na ce, "Sosai ma, Mma." (A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, ba ta ce wacce ba.)

Sati uku muna haka.

Ranar Lahadin da nake ba ku labari, tun safe Anti Helen ke goge-goge, tana gasa kek, tana yi wa Ankul Kolin faɗa kan takalmansa. Mahaifiyarsa ce za ta zo shan shayi, wata tsohuwa mai suna Doris da ta haura tamanin. Na lura Anti Helen ta canza riga sau biyu. A Nima ma haka matar yayana take yi in Mma za ta leƙa ɗakinsu, don haka na gane.

Da na idar da la'asar na mayar da buta wurinta na shiga ɗaki na sa mayafina mai kyau. Da na fito ban ma dubi tagar ba. Na sauka na durƙusa na gaida tsohuwar. Ta ce in tashi kafin gwiwoyina su zama irin nata. 'Yar ƙarama ce, gashi fari fat, da wata na'ura a kunne saboda ba ta ji sosai. Ta tambaye ni sunana sau uku, sau uku ina faɗa cikin maƙogwaro.

Sai ga Anti Helen da faranti. Kofuna huɗu masu furanni, kek, madara, a tsakiya kuma wani abu da aka sa wa hular ulu saƙaƙƙiya, har da tuntu a sama. Na yi murmushi a raina, na ce ƙasar nan har tukunyar shayi sanyi take ji. Bakin abin ne kawai ya leƙo ta gaban hular. Shuɗi. Fentin ya ɗan ɓare.

Na san giɓin nan kamar yadda na san tafin hannuna.

Tsohuwa ta shafa hular ta ce mini, "Kin ga butar nan? Ta mahaifiyata ce. Ni na ba su ita ranar aurensu." Anti Helen ta ce, "Muna ji da ita ƙwarai." Ta ɗaga ta, ta fara zuba wa baƙuwa daga Afirka, wato ni.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon kofin ba. Zuciya ɗaya ta ce, yi shiru, ai tafasasshen ruwa ne, kuma kullum kina ɗaurayewa. Ɗayar ta ce, ke za ki sha? Na tuna malamarmu da ƙofar da ta ce kada in rufe. Na hango an kira makaranta, an haɗa mini akwati, an rubuta cewa yarinyar Accra ta kai gadon gidan mutane banɗaki. Na hango Rabi tana dariya har tana riƙe bango. In na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Wallahi na so in yi shiru.

Ankul Kolin ya kurɓa. Na ƙyale shi, Allah Ya yafe mini. Amma da tsohuwar ta ɗaga nata kofin da hannu biyu, ta turo baki tana hurawa, sai na ga Hajiya kakata sak. Kafin in yi shawara na ji ni a tsaye.

Na ce, "Kada ki sha."

Kowa ya dube ni. Sati uku a gidan ban taɓa yin maganar da ta wuce na gode ba.

Anti Helen ta ce, "Lafiya? Ba kya shan madara ne?"

Na ce, "Butar ce. Ina shiga banɗaki da ita."

Sai fuskarta ta saki. "Au, furen da ke can kike ba ruwa? Ba komai."

Ga hanya Allah Ya buɗe mini, amma na kasa bi. Na ce, "Ba fure ba. Ni. Mu ba ma amfani da takarda kaɗai. Da ruwa muke wankewa." Kuma don kada a samu rashin fahimta, hannuna na dama ya ɗaga da kansa ya kwatanta yadda ake karkata buta. Na hagun ma ya fara tafiya inda ya saba, na cafke shi.

Ankul Kolin ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Sau ɗaya?"

Na ce, "Kullum."

"Yau ma?"

"Ɗazun nan."

Tsohuwa ta dubi wannan ta dubi wancan, kofi na hannunta. Ta ce, "Me yarinyar ta ce?" Anti Helen ta sunkuya ta raɗa mata. Tsohuwa ta ce ba ta ji ba. Anti Helen ta sake faɗa. Tsohuwa ta ce a daina yi mata gunaguni. Sai Anti Helen ta ja numfashi ta faɗa da ƙarfi, kalma bayan kalma, taga a buɗe, maƙwabci yana aske ciyawa a waje. Na ji injinsa ya tsaya.

Na fara kuka. Ina ba da haƙuri, ina cewa na zaci tawa ce aka ajiye mini, ina da tawa na baro ta bayan duro, don Allah kada a gaya wa makaranta. Rabin maganar da Turanci, rabin da Hausa.

Tsohuwar ta ajiye kofi. Ta cire wa butar hula ta ƙare mata kallo. Sannan ta ce, "A ina kika same ta?"

Na ce, "A sama, bakin taga."

"Kullum a can take?"

Na ce e, kafin in ga idon da Anti Helen take yi mini.

Tsohuwa ta gyaɗa kai. Ta ce, "Shekara talatin ina zuwa gidan nan ana ce mini kullum da ita ake shan shayi. Shekara talatin ina jin ƙura a kofina. Yau ne kaɗai ban ji warin ƙura ba." Ta juyo gare ni. "Zauna, 'yata. Ke ce mutum ta farko a gidan nan da ta so butar uwata."

Ankul Kolin ne ya fara dariya. Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Anti Helen ta yi jajur, ta buɗe baki za ta kare kanta, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta ce, "Doris, ba ta zuba shayi daidai, ɗiga take yi." Tsohuwa ta ce, "Na sani. Shi ya sa na ba ku."

Aka zubar da shayin, aka kawo wani a manyan kofuna. Ankul Kolin dai ya ce shi ruwa zai sha. Ba wanda ya kira makaranta. Washegari Anti Helen ta ja ni shagon kayan lambu ta ce in zaɓa da kaina, na zaɓi wata 'yar butar ban ruwan fure. A mota ta ce, "Da kin tambaya tun ranar farko." Na ce na ji kunya. Ta ce, "Ta jiya fa?"

Ranar da zan taho na tarar da shuɗiyar butar kan akwatina, da hularta, da 'yar takarda daga tsohuwar cewa ta tafi inda ake ganin darajarta. Ba ta shiga akwati ba. Haka na ratsa filin jirgi biyu rungume da buta mai hula, ni da na guji a gan ni da ta roba. Shekarar da ta biyo baya an karɓi wata yarinya daga makarantarmu, kuma shawara ɗaya tak na ba ta: ta tafi da butarta.

Da na iso Nima, Mma ta karɓi butar ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce. Ta ce, "Ei, ƙarfen Ingila. Wannan sai manyan baƙi." Ta saka ta cikin kabad ɗin gilashi. Na ce a raina gobe zan faɗa. Goben ta kai wata biyu, har ranar da iyayen saurayin Rabi suka zo gaisuwa, na ga Mma ta buɗe kabad tana cewa a ɗora ruwan zafi.

Abin da na koyo a Ingila bai wuce wannan ba: in dai dole ne sai ka faɗa, faɗa tun ruwa bai tafasa ba. Na bi Mma kicin, na ja ƙofa, na ce, "Mma, zauna. Akwai maganar buta guda biyu."