Kawu Ɗanlami da Gidan Gwaji

Ku matso ku ji, labarin nan da zafinsa yake. Jiya-jiya ƙwan matan Tudun Gawo suka ƙyanƙyashe, amma a gidan Inna Dije murnar ba ta cika ba.

Su uku ne a gidan: Inna Dije, da 'yarta Anti Barira wadda ta karanto kwamfuta a Kano, da ƙanen Inna, Kawu Ɗanlami. Kawu ba ya ƙarya, ba ya mantuwa, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Anti Barira tana rubuta ƙananan manhajoji tana liƙa su a babbar manhajar da ke kula da gida, wannan ta kunna fitila, waccan ta kunna famfo. Babban aikin da ke gabanta na injin ƙyanƙyasa ne, don matan ƙungiya sun tara ƙwai ɗari uku za su ba ta amana. Kafin ta sa komai a gidan gaske sai ta gwada shi a kwantena, wato wani keɓaɓɓen wuri cikin kwamfutarta mai gidan ƙarya, da famfon ƙarya, da injin ƙarya, shi suke kira gidan gwaji. Ta koya wa Kawu danna maɓallan don ya riƙa taya ta.

Wata rana ta ce, "Kawu, kada ka taɓa komai na gidan gaske sai ka fara gwadawa a gidan gwaji." Da azahar tanki ya cika yana ambaliya, Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Ɗanlami, kashe famfon nan." Ya ce, "To Yaya, bari in gwada." Ya shiga ɗaki, ya jira kwamfuta ta tashi, ya kashe famfon ƙarya, ya kunna, ya sake kashewa don ya tabbatar. Kafin ya fito, ruwa ya tafi da kuɓewar da Inna ta shanya. Ya dubi tsakar gida ya ce, "Gwajin dai ya yi kyau."

Wata rana kuma Anti Barira ta ce, "In an gama gwaji, ka goge kwantenar, gobe a buɗe sabuwa." Ashe kwana biyu tana gyara a cikin kwantenar, ba ta kwashe aikin waje ba. Tana cewa "Alhamdulillahi, an gama," ta tashi alwala. Kafin ta dawo Kawu ya share komai fes. Ta dafe kai. Ya ce, "Ke kika ce an gama, Barira." Ta san rabin laifin nata ne, amma ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Wata rana, saura kwana biyu a kawo ƙwan, ta ce, "Kawu, ka duba gidan gwaji ya zama daidai da gidanmu, komai da komai." Tana nufin yawan fitilu da sunayen ɗakuna. Kawu ya zauna ya yi tunani. A gidansu kullum da la'asar wutar sola takan ɗauke kafin a koma kan batir. Ai kuwa la'asar na yi ya kashe wutar gidan gwaji ɗif, ya ƙirga ɗari, ya maido. Allo ya cika da jan rubutu. Anti Barira ta shigo ta gani, ranta ya ɓaci, ta ce, "Na gaji, Kawu. Ka fita, kada ka dawo." Ɗakin take nufi. Shi kuwa ya naɗe tabarmarsa ya tafi ƙauyen kakanninsu.

Sai da ta huce ta karanta jan rubutun. Ashe in wuta ta ɗauke ta dawo, manhajar injin tana manta iyakar zafi, ta bar shi yana ta ƙaruwa. Da a haka aka saka, da ƙwai ɗari uku sun dahu a la'asar ɗin farko. Gidan gwajinta bai taɓa rasa wuta ba, shi ya sa ba ta taɓa ganin matsalar ba. Ta gyara, aka saka ƙwan, ta hau mashin ta bi Kawu.

Ta same shi gindin ɗorawa yana ɓare gyaɗa. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ka yafe mini. Kai ka ceci ƙwan nan. Ka dawo gida."

Ya ce, "Na yafe. Amma ke kika ce ba a taɓa gidan gaske sai an gwada."

Tun ranar, duk Juma'a sai ya zo ya zauna a zaure, ya sha kunu, ya saurari yadda ake magana a ciki, ya koma. Jiya da ya zo, Anti Barira ta kai masa ɗan tsako a tafin hannu, ta ce, "Kawu, gwajin bai isa ba?" Ya shafa kan tsakon, ya miƙa mata, ya ce, "Sau uku kawai na gwada." Ya sa takalminsa. Inna ta daɗe a bakin ƙofa tana riƙe da kwanon tuwonsa.